Hukuncin halartar taron tunawa da baƙin sojojin da suka mutu a yaƙi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A garin da nake zaune akwai hasumiyar da aka gina don tunawa da sojojin wasu ƙasashe da suka mutu wajen kare garin a Yaƙin Duniya na Biyu. Duk shekara ana taruwa a gabanta, a busa begila, a yi tsit, a ajiye furanni, limamin coci ya yi addu'a. Bana an ce in wakilci Musulmi. Ya halatta in je?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka je, ɗan'uwa, amma ba duk abin da aka yi a wurin za ka yi ba.

Yaba wa wanda ya yi maka alheri ba ya jiran sai ya musulunta. Muɗ'im bin Adiyyi ya mutu yana mushriki, amma shi ya ba Annabi (SAW) mafaka da ya dawo daga Ɗa'ifa. Bayan yaƙin Badar, Bukhari ya ruwaito cewa Annabi ya ce da Muɗ'im na raye ya roƙe shi fursunonin, da ya sakar masa su. Haka kuma gawar Bayahude ta wuce, Annabi ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko ta wace ce, sai ya ce ashe ba rai ba ne? Malamai sun saɓa a kan ko an shafe hukuncin miƙewa ga gawa, amma hadisin ya isa nuna cewa ran ɗan Adam na da alfarma. Don haka tsayuwarka shiru, da niyyar mutuntawa da kyautata maƙwabtaka, ban ga laifinta ba. Akwai malaman da suka hana, suna ganin koyi ne da al'adar da ba tamu ba. Ina girmama ra'ayinsu, amma abin da ya rinjaya a wurina shi ne taron gari ne, ba ibada ba.

Inda za ka ja birki shi ne addu'a. Aya ta 113 a Suratut Tauba ta hana nema wa wanda ya mutu a kan shirka gafara, kuma Muslim ya ruwaito an yi wa Annabi izinin ziyarar kabarin mahaifiyarsa, ba a yi masa izinin nema mata gafara ba. In limaminsu ya fara, ka tsaya da ladabi, ba amin, ba tanka wa waƙar coci. Kada kuma ka rusuna wa dutse. Ko ga rayayye Annabi ya hana sunkuyawa wajen gaisuwa.

Amma ka matsa kusa ka karanta sunayen tukuna. Sau da yawa akwai namu a ciki. Ƙofar Menin da ke garin Ypres a Beljiyam, wadda aka buɗe a 1927 don tunawa da sojojin da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, na ɗauke da sunaye sama da 54,000, har da na sojojin Indiya, Musulmi a cikinsu. A Douaumont, kusa da Verdun, Faransa ta buɗe wurin tunawa da Musulmin sojojinta a 2006. In ka ga wani Muhammad ko Ali a jikin dutsen, shi kam ka roƙa masa rahama, wataƙila an daɗe ba wanda ya yi masa.

Furanni ba su amfanar mamaci, kuma magabata ba su yi ba. In za ka iya miƙa aikin ajiye su ga wani, kai ka karɓi yin jawabi a maimakon haka, ya fi. In ƙin ajiyewar zai jawo wa Musulmin garin zargi da tsangwama, ka ajiye, ka miƙe ba sunkuyo.

Sai batun mutum-mutumi, ko da ba ka tambaya ba. Allon sunaye tarihi ne kawai. Sassaƙa surar mutum kuwa haramun ce, kuma Ibnu Abbas ya ce gumakan mutanen Annabi Nuhu, su Wadda da Suwa'a, asalinsu salihan bayi ne aka kafa don tunawa. Kasancewarsa a filin ba ya hana ka tsayuwa, amma in an zo karɓar gudummawar gyaransa, kada kuɗinka ya shiga.

Wallahu a'alam.