Amsa ga Hajiyar da ɗanta ke tsoron lissafi

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce ɗanki ɗan aji biyar a Makka ya tsani lissafi, ko malami ya tambaye shi sai ya sunkuyar da kai, kina son sanin ko ajin abakus (wato koyon lissafi da allon ƙirga mai ƙwallaye) ko shiga gasa zai taimaka. Na daɗe ina yi wa yaranmu lesin a Jidda, ga abin da na gani.

Kafin ki kashe ko riyal ɗaya, bincika ko lissafin ne matsalar ko rubutunsa. Yaron da ya fara makaranta a Najeriya ko Nijar yakan rikice a nan: biyar ɗin Larabci kamar sifili take, shida kamar bakwai, sifilin kansa ɗigo ne. Ya san amsa, ya rubuta ba daidai ba, a yi masa dariya, shi ke nan ya yanke cewa ba shi da kai.

Abakus yana sa saurin tarawa da ɗebewa, kuma yaro yakan ji daɗi in ya riga kowa. Sai dai saurin ba ya raka shi zuwa tambayar da ke son tunani, irin wadda zai tarar a ɓangaren lissafi na jarabawar Ƙudurat, ta neman shiga jami'a, idan ya kai sakandare.

Ni na fi ganin amfanin tambayoyin gasar lissafi ta Kangaru. A Faransa ta fara a 1991, a nan Saudiyya kuma hukumar Mauhiba mai kula da yara masu hazaƙa ce ke shirya ta. Tambayoyinta kamar kacici-kacici suke, makinsu kuma ba ya shiga sakamakon makaranta, don haka yaro ba ya fargabar kuskure. Ki samo na shekarun baya, ki ba shi biyu ko uku bayan la'asar, ki danne zuciyarki kada ki faɗa masa amsa (nan ne mu iyaye muke kasawa). Ranar da ya warware mai wuya da kansa, za ki ga har zamansa ya sauya. Yabon "kai gwani ne" ba ya yin wannan aikin, yara sun san yabon lallashi.

Amma kada ki yi masa rajistar gasar bana. Bari ya saba tukuna, don in ya fito ba lambar yabo, yayyensa suka samu abin tsokana, an koma gidan jiya. Kafin nan ki riƙa aikensa baƙala, wato shagon unguwa, ya lissafa canjinsa kafin mai shago ya miƙo. Allah Ya yi masa albarka.