Ma'anar kalmar scythe da bambancinta da lauje

Malam, ka tambaya ko kalmar scythe da ka gani a littafin Turanci lauje take nufi. Ka yi kusa, amma ba shi ba ne. Laujen da muke yankan shinkafa da shi a fadamun Wurno da Goronyo, sickle Turawa ke ce masa.

Scythe abin yankan ciyawa da alkama ne na manoman Turai, mai doguwar ƙota wadda takan kai mita 1.5, da ƙarfe mai ɗan lanƙwasa wanda tsawonsa yakan kama daga santimita 60 zuwa 90. Mai lauje sunkuyawa yake yi, ya damƙe ciyawa da hagu, ya yanke da dama. Shi kuwa mai scythe a tsaye yake aiki, ya riƙe ƙota da hannu biyu, yana sharɓa ƙarfen dab da ƙasa daga dama zuwa hagu, ciyawa tana kwantawa a jere. A ganina, "babban lauje mai doguwar ƙota" ya fi dacewa a fassara.

Ba a furta harafin c a kalmar scythe. Wannan babban laujen ne kuma ake gani a hannun ƙwarangwal ɗin nan mai baƙar alkyabba da Turawa ke siffanta mutuwa da shi.