Tambayi Likita: Sharhin Marasa Lafiya a Intanet Zai Zaɓa Mini Likitan Ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Likita, damuwa ta hana ni barci. Na duba Google, wani likitan ƙwaƙwalwa yana da taurari biyar, wani uku. Wurin wa zan je?

Amsa: Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa. Bar ƙirga taurari, karanta abin da aka rubuta. Masu yin sharhi galibi iri biyu ne: wanda ya ji daɗi ƙwarai, da wanda ransa ya ɓaci. Da yawa daga waɗanda suka samu sauƙi shiru suke yi, don ba kowa ke son a san ya ga likitan ƙwaƙwalwa ba. Shi kuwa likita, amanar sirrin marar lafiya ta ɗaure masa baki, ba zai iya fitowa ya kare kansa ba. Ki lura da ƙorafin da mutane daban-daban suke maimaitawa: ba ya sauraro, yana katse magana, yana sallamar mutum cikin gaggawa. In an ambaci tona asiri ko neman lalata, wannan ba na wasa ba ne. Sannan ki tabbatar yana da lasisin hukumar rajistar likitoci.

Tambaya: Likita, na karanta wani yana cewa kwana 10 ya yi yana shan maganin da aka rubuta masa, bai ga komai ba. In guje wa likitan?

Amsa: A'a, malam. Magungunan ciwon damuwa irin su sertraline da fluoxetine sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin amfaninsu ya bayyana sosai, kuma da farko sukan kawo tashin zuciya ko ciwon kai. Akwai ma likitan da ake kushewa don ya ƙi ci gaba da rubuta diazepam, wani maganin kwantar da hankali, alhali jiki yana sabawa da shi har ya kasa rabuwa. Ni irin wannan likitan nake girmamawa.

Tambaya: Kowa yana yabon mai ba ni shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, amma ni ban saki jiki da ita ba. Laifina ne?

Amsa: Ko kusa. Bincike ya daɗe da nuna cewa fahimtar juna tsakanin marar lafiya da mai kula da shi tana cikin manyan abubuwan da ke kawo sauƙi. Ki faɗa mata abin da kike ji, ki ƙara zama biyu ko uku. In bai canza ba, nemi wata. In kina shan magani dai, kada ki yanke shi lokaci ɗaya ba tare da sanin likita ba.