Amsa ga mai tambaya kan teburin da ya tsage

Ƙanena, ka ce ka gama koyon kafinta a garin Garwa na Kamaru, ka yi tebur da ɗan benci na farko, sai ga saman teburin ya buɗe baki, ƙafa ɗaya kuma tana rawa. Tsagar dai ba laifin hannunka ba ce, ɗanyen katako ka samu.

Yawancin katakon da muke saye a nan, irin su ayus da safeli da iroko, daga dazukan kudu yake zuwa. Jirgin ƙasa ya sauke shi a Gaundare, manyan motoci su ƙaraso da shi. Yana isowa da danshi a jikinsa, hunturu na kaɗawa sai ya tsuke, kuma a faɗi yake tsukewa, ba a tsawo ba. Shi ya sa tsagar ta bi tsakanin allunan. Jera shi a inuwa, ka sa 'yan sanduna tsakani iska ta ratsa, ka ba shi makonni kafin zarto ya taɓa shi.

Ƙafar kuwa, na san ƙusa kawai ka buga. Nima haka na yi wa kujerata ta farko, baƙo ya zauna ta baje da shi, kunya kamar in nutse. Fafe rami a jikin katako ɗaya, ka fere bakin ɗayan ya shige daram, ka sa gam, ka ɗaure ya kwana.

Ayus yana da sauƙin aiki da araha, amma gara na son shi. Shafa magani kafin fenti, musamman gindin ƙafafun.