Ku Tambayi Bakanike: Tsohuwar motar kwana ta cancanci kuɗinta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Leeds ta ƙasar Ingila da maiɗakina da yara uku. Na ga wata Volkswagen T5 ƙirar 2012 mai amfani da dizal, wadda aka mayar motar kwana: da gado, da murhu, da firji, da rufin nan da ake ɗagawa sama. Ta yi tafiyar mil 140,000, ana neman fam 18,000. Uwargida ta ce gara a tura kuɗin gida a ƙarasa gini. Ni kuma ina ganin za ta rage mana kuɗin otal lokacin hutu. Wa ya fi gaskiya?
Mai karatu daga Leeds

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba za mu shiga tsakaninka da uwargida ba, amma tun kafin a buɗe injin akwai abin dubawa: ku biyar ne. Yawancin T5 da aka gyara suna kwantar da mutum huɗu, biyu a ƙasa biyu a rufi, kuma da yawansu kujera huɗu kaɗai ke da bel. Sai in kujerar gefen direba mai cin mutum biyu ce, ko ta baya mai cin uku, za ka samu biyar. Ƙirga bel ɗin da hannunka. Sannan kujerar baya da ke miƙewa ta zama gado, ka nemi takardar da ke nuna an yi mata gwajin haɗari, ka leƙa ƙarƙashin motar ka ga ko kusoshinta sun huda daɓe an tare su da faranti na ƙarfe. Akwai masu ɗaure ta a jikin katako kawai. Irin wannan ba wurin zaman yaro ba ne.

Sai lissafi. Ɗauki takarda ka rubuta abin da za ta ci a shekara ko da ba ta motsa ba: inshora (ka nemi farashi na gaske, ka gaya musu gyararriya ce, in ka ɓoye ba za su biya ka ranar tsautsayi ba), harajin hanya, gwajin lafiyar mota na shekara-shekara (MOT), juyen baƙin mai, binciken ɗakin kwana, wurin ajiya in ba ka da fili a ƙofar gida, da abin da darajarta za ta ragu. A ce jimillar ta kama fam 2,500, misali kawai. In kwana 15 za ku yi a cikinta a shekara, kowane dare ya tashi kusan fam 167, ba a sa mai ba, ba a sa kuɗin sansanin da ake biya a kwana da mota ba. Kuma sansanin ba makawa, domin a Ingila kwana a filin wani sai da izinin mai shi, a Sikotland ma 'yancin shiga daji da dokar 2003 ta bayar bai haɗa da mota ba. In kwana 50 ne, daren ya dawo fam 50, a nan magana ta fara daɗi. Iyalin da babban hutunsu na bazara a Kano ko Zinder suke yin sa da wuya su kai kwana 50. Hanya ɗaya da lissafin ke gyaruwa ita ce ta zama motarka ta yau da kullum, ka sayar da wadda kake hawa.

Shi ma wannan da sharaɗi. Dizal ɗin 2012 ajin Euro 5 ne a ma'aunin hayaƙi na Turai. Tun 29 ga Agusta 2023 da aka faɗaɗa ULEZ, tsarin cajin motoci masu yawan hayaƙi, zuwa dukkan unguwannin Landan, irin wannan mota fam 12.50 take biya duk ranar da ta yi tafiya a ciki. Birmingham na karɓar fam 8. Bradford da ke maƙwabtaka da ku ma tana da nata tsarin, sai ka sa lambar motar a shafin gwamnati ka ga matsayinta. Ga kuma matatar hayaƙi ta DPF, wadda gajeruwar zirga-zirgar kai yara makaranta ke toshewa, saboda salansa ba ta yin zafin da zai ƙone toƙar da ta taru.

Game da injin, tambayi ƙarfinsa. Mai doki 102 da mai 140 ba su cika rigima ba. Mai doki 180, mai turbo biyu, ya yi suna wajen shan baƙin mai, kuma ana danganta hakan da na'urar sanyaya hayaƙin da ake mayarwa cikin injin (EGR) da ke ɓarewa daga ciki, ɓurɓushinta ya shiga ya ci silinda. In shi ne, kuma babu rasit ɗin gyara, juya abinka. Nemi rasit ɗin canjin tayimin bel da famfon ruwa. In ya haura shekara biyar ko babu shi, cire kuɗin aikin daga farashi, ka kuma yi shi a makon farko, don in bel ya tsinke bawul da fistin ne za su gwabza. Tayar da motar da sanyinta, ka taɓa bonet tukuna ka tabbata ba a ɗumama ta kafin ka iso ba. Ƙarar kaca-kaca daga wajen giya wadda ke sauyawa in ka taka kuloci alama ce fulawil ya gaji, shi kuwa tare da kuloci ake canza shi, aikin ba arha.

Shawararmu: ku yi hayar irinta na mako guda, ku biyar ɗin, a lokacin da ake ruwa. In kun dawo kuna marmarin komawa, sai a zauna ciniki.

Tambaya: Ni da maigidana mun je ganin wata babba, Fiat Ducato ta 2008, irin mai ɗaki a baya da banɗaki. Mai ita dattijo ne, mil 41,000 kacal ta yi, cikinta tsaf. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani ɗan wari kamar na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, ga turaren feshi ko'ina. Maigida ya ce ƙarancin tafiyar ya isa shaida.
Mai karatu daga Birmingham

Amsa: Hajiya, hancinki ya fi mitar motar gaskiya. A irin wannan mota ba injin ne ya fi kashe kuɗi ba, laima ce. Ɗakin baya na motocin wancan zamani galibi firam ɗin katako ne, an rufe shi da falle na alminiyam ko roba daga waje, da siririn allo daga ciki. Duk inda aka huda jiki, taga, ƙofa, tagar rufi, gindin eriya, layin da rufi ya haɗu da bango, danƙo ne ke tare ruwa. Danƙon na bushewa ya tsage da shekaru. Ruwa ya riƙa tsiyaya kaɗan-kaɗan, katakon ya jiƙe ya ruɓe, amma daga waje fenti na ƙyalli. Gyaransa sai an ɓamɓare kabad da bango, shi ya sa kuɗin aiki ke iya cinye rabin darajar motar.

Ku koma da mitar auna laima, ba ta da tsada a shagunan kayan gini. Ƙasa da kashi 15 cikin ɗari lafiya. Tsakanin 15 da 20 a sa ido. Ya haura 20 ruwa na shiga, in kuwa ya doshi 30 katako ya riga ya lalace. Ku auna kusurwoyi huɗu na sama, ƙarƙashin kowace taga, cikin kabad na sama ta can ƙurya, bayan matasan kujeru, gadon da ke saman direba, da kewayen banɗaki. Ki danna bango da babban yatsa: in ya lotsa kamar biredi, ko kika ga ƙuraje-ƙuraje a fuskar allon, ko kan kusa ya yi tsatsa ya bar baƙin zobe, magana ta ƙare. Ki cire takalmi ki taka daɓen a hankali, musamman gaban kicin da bakin ƙofa. In yana nutsewa yana ƙara, falle-fallen daɓen sun rabu. Mai motar da ya hana ku aunawa ya riga ya ba ku amsa.

Ƙarancin tafiya kuma ba abin murna ba ne kullum. Motar da ta shekara fiye da 15 ba ta wuce mil 41,000 ba, yawancin rayuwarta a tsaye ta yi. Tsayuwa na sa birki ya kame, bututun birki ya yi tsatsa, robobi su bushe, tayimin bel ya tsufa ko da bai yi aiki ba. Taya za ki gan ta da zanenta cif amma gefenta ya tsattsage. Duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 2316 na nufin mako na 23 a 2016. Wadda ta wuce shekara bakwai a canza ta, komai kyanta. Maigida ya shiga ƙarƙashi da tocila da sukuddireba, ya ƙwanƙwasa shasi, ƙarfen da ke gicciye a gaba ƙarƙashin lagireto, da bakin tayoyi. Baƙin fenti mai kauri da aka shafa kwanan nan abin tuhuma ne. Ducato na 2006 zuwa wajen 2009 kuma an san su da karkarwa in ana ribas a hawa, don haka ku nemi gangare ku gwada ta da baya.

Kayan ɗaki kuwa kada ku yarda da “duk suna aiki”. Ku ce a kunna firji tun kafin ku zo, don irin wanda ke aiki da gas da lantarki yana ɗaukar sa'o'i kafin ya yi sanyi. Wutar murhu shuɗiya ake so. In rawaya ce mai lilo tana barin baƙi a gindin tukunya, ƙonewar ba ta cika ba, nan ne gubar hayaƙi marar wari ke fitowa. Akwatin tukunyar gas dole ya zama a rufe daga ɗaki, da huda a ƙasansa, saboda gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake gangarawa. Tiyon gas na ɗauke da shekarar da aka yi shi. Batirin ɗaki, in ya huta, ya nuna wajen volt 12.6, in yana ƙasa da 12, ku sa sabo a lissafi. Ku cika tanki ku buɗe famfo: in injin ruwan na tashi da kansa bayan an rufe, akwai yoyo, sau da yawa daga tukunyar ruwan zafi da ƙanƙara ta fasa saboda ba a juye ta da hunturu ba.

Abu na ƙarshe, nauyi. Wanda ya ci jarrabawar tuƙi a Birtaniya daga 1 ga Janairu 1997 lasinsa na tsayawa a kilo 3,500 ne, mota da duk abin da ke cikinta. Ku kai ta sikelin manyan motoci ku auna. Ruwa lita 100 kilo 100 ne, ga mutane, ga tukwanen gas, ga buhun shinkafa. Wasu ba a bar musu sararin kilo 300 ba.

In duk ta tsallake, ku biya ƙwararre ya yi mata cikakken binciken ɗaki kafin kuɗi ya fita. Dalili: in daga kamfanin dillanci kuka saya, dokar kare mai saye ta 2015 ta ba ku kwana 30 ku mayar da mota mai aibi. In daga hannun mutum ne, haƙƙinku bai wuce ta dace da yadda ya siffanta ta ba.

Tambaya: Na ga wata a Facebook da rabin farashin kasuwa. Mai ita ya ce yana aiki a wata ƙasa, in tura kafin alƙalami za a kawo mini har gida.
Mai karatu daga Manchester

Amsa: Kada ka tura ko kwabo, ɗan'uwa. Wannan tsohuwar damfara ce, hotunan ma na wani ne. Mota ana ganin ta a adireshin da ke kan takardar rajistar mota ta V5C, a gwada lambar shasi ta jikin gilashi da ta jikin ƙarfe da ta takarda. Tarihin MOT kyauta ne a shafin gwamnati, zai nuna maka mil na kowace shekara da gargaɗin tsatsa. Sai ka biya a yi binciken HPI don sanin ko akwai bashi a kanta, ko ta sata ce, ko inshora ta taɓa cewa ba ta cancanci gyara ba bayan haɗari.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina yawan tafiyar kasuwanci tsakanin Kano, Maraɗi da Abuja. Ƙanena da ke Ingila ya ce zai iya turo mini irin wannan mota in huta da kuɗin masauki.
Mai karatu daga Kano

Amsa: Alhaji, ta Ingila dai a'a. Sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa tun 1972 ta koma tuƙi a hannun dama, kuma doka ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Juya sitiyari a gareji aiki ne da ke taɓa birki da wayarin, ba ma son sa. In dole ne, daga Jamus ko Beljiyam za a nema, bayan an tambayi kwastam iyakar shekarun motar da ake bari ta shigo da abin da za a biya.

Ko an samu, an ƙera ta ne don sanyi. Tana da hita, amma na'urar sanyaya ɗaki in injin na kashe ba kowace ke da ita ba, kuma batir ba zai riƙe ta dare guda ba. Firjin gas na sarewa in zafi ya haura digiri 32, ka kwatanta da watan Afrilu a Kano. Sabbin injinan dizal masu DPF da ruwan tsabtace hayaƙi na AdBlue ba sa jure gurɓataccen mai. Doguwar bayanta na dukan ƙasa a rami, girgizar hanya na kwance kabad, rana na cin danƙon rufi, damina ta zo ta sami ƙofa. Tagar roba ɗaya in ta fashe, ba ka same ta a Ƙofar Ruwa ko Panteka ba, sai an yi oda. Sannan ga tsaro: kwana a gefen hanya ba abin da za mu ba ka shawara ba ne, ƙarshenta harabar otal za ka nema ka biya.

In wurin miƙe ƙafa da ajiyar kaya kake so, sayi Toyota Hiace mai fetur wadda kowane bakanike ya san cikinta. Cire kujerun baya, kafinta ya yi maka gado mai akwati a ƙasa, a ɗaure shi da kusoshi a ƙarfen daɓe. A sa batir na biyu da rile mai raba shi da na tayar da mota, da fis kusa da kowane batir, da sola mai wat 200 a rufi, da fanka, da ƙaramin firji mai kwamfuresa, da ragar sauro a tagogi. Girki a yi shi a waje, kada a kunna gas ko gawayi a cikin rufaffiyar mota. Ka sanar da kamfanin inshora gyaran da aka yi, ka kuma riƙe takardun kwastam na asali a hannu saboda iyakar Jibiya.