Zoben da ka gani a faranti

Ɗana, na ga hoton da ka turo. Ka ce ƙwayar bakteriyar da ka raba daga ƙasar gindin kuka a hanyar Dass ta yi zobe fes a faranti, ƙwayar cutar nan Staphylococcus ta kasa matsowa kusa da ita, kana tambaya ko sabon magani ka gano, kuma ko wannan aiki zai riƙe mutum har tsufa. Madalla da zoben. Amma kada ka buga wa kowa waya tukuna.

Na ƙura wa hoton ido. Abin ya bushe kamar garin alli, ya kama abincin farantin kam, bayansa ya yi ruwan goro. Streptomyces ce, dangin bakteriyar ƙasa, ko shakka ba na yi. In ka ɗaga murfin za ka ji ƙamshin nan da ke tashi ranar da ruwan farko ya sauka a Bauchi bayan zafin bazara. Sinadarin sunansa jiyosmin, kuma wannan dangin ne ke yin mafi yawansa. Dangi ne mai albarka, daga cikinsa aka samu magungunan sitireptomaisin da tetarasaikilin. To a nan matsalarka take. Tun wajen 1940 ake tonon ƙasa ana neman su, kamfanoni sun tace dubbai bisa dubbai. Wadda ke saurin tsirowa a faranti, tana kashe maƙwabta da ƙarfi, galibi an daɗe da sanin abin da take fitarwa. Wannan ruwan goron ma ya sa ina zargin sinadarin aktinomaisin ne, wanda masana biyu, Waksman da Woodruff, suka bayyana tun 1940. Ni kaina na taɓa kashe wata bakwai a kan wani jan sinadari, ina ta yi wa maiɗakina albishir, ashe shi ɗin ne.

Saboda haka aikinmu na gaske yana farawa ne daga inda zoben ya tsaya. Ka shuka ta a ruwa, ka bar ta kwana bakwai zuwa goma tana girgiza, ka tatso da ruwan sinadarin etil asitet, ka busar. Abin da zai rage a gindin kwalba bai kai ƙwayar gero ba, mai danƙo, kuma sinadarai ne barkatai a cakuɗe. Sai ka bi su da garin silika mai tace sinadarai kana rarrabewa, kowane kaso ka sake gwada shi a kan ƙwayar cutar. Kafin ka yi nisa, ka nemi nauyin sinadarin a na'urar auna nauyin sinadari (mass spectrometer), ka duba rumbunan bayanai ko wani ya riga ka. Da yawa daga yaranmu sukan tsallake wannan, su rubuta cewa "tatsattsen ruwan ya nuna ƙarfi", su sa hoton zobe, su ce an gama. Wannan ba ilimin sinadarai ba ne a wurina. Sai ka iya zana siffar abin, ka ce ga inda kowane kabon yake zaune, kuma hakan sai da na'urar NMR. Mu kan aika samfuri waje mu zauna jira. Ka fara ƙulla zumunci da masu na'urar tun yanzu, da wasiƙa mai ladabi da samfuri mai tsabta.

Kada wannan ya karya maka gwiwa. Kana tuna ƙwayar Mectizan da ake rabawa ƙauyukan bakin kogi saboda makantar da baƙin ƙuda ke kawowa? Asalinta ƙasa ce da Satoshi Omura ya ɗebo kusa da filin wasan golf a Japan. Aka samu Streptomyces avermitilis a ciki, William Campbell da abokan aikinsa a Amurka suka gano tana kashe tsutsa, makantar kuwa tsutsa ce ke jawo ta, aka fara raba maganin kyauta daga 1987, su biyun suka samu kyautar Nobel a 2015. Sannan da aka karanta dukkan ƙwayoyin halittar Streptomyces coelicolor a 2002, sai aka tarar tana ɗauke da umarnin haɗa sinadarai sama da 20, alhali kaɗan daga ciki aka sani. Sauran suna barci, sai an canza mata abinci ko an haɗa ta da kishiya a faranti ɗaya. Don haka ko tsohuwar ƙwaya ba ta gama magana ba.

Kuma kada ka raina funfuna. Penisilin daga gare ta Fleming ya gani a 1928. Gubar aflatoksin da ke lalata gyaɗa da masarar da aka tara da danshi, mai taɓa hanta, ita ma Aspergillus flavus ce ke yin ta. Wanda ya ƙware a wannan ba zai rasa mai nemansa ba daga nan har kasuwar hatsin Gombe.

Batun riƙe mutum kuwa, zai ci da kai, ba zai sa ka gina bene ba. Digiri na biyu, na uku, koyarwa, neman tallafin TETFund, asusun manyan makarantu, haka hanyar take.

Abu biyu nake so ka yi yau. Ka adana ƙwayar wuri uku: a gilisarol cikin firiza, a kwalbar gwaji, da cikin busasshiyar ƙasar da ka dafa. Wata shekara aka ɗauke mana wuta kwana tara, janareta ba mai, na buɗe firiza na tarar da aikin shekara huɗu ya narke yana wari. Na biyu, littafinka. Kwanan wata, wurin da ka ɗebo ƙasar, zurfinta, da biro ba fensir ba. Albert Schatz ɗalibi ne lokacin da ya raba ƙwayar sitireptomaisin a 1943, sai da ya kai malaminsa Waksman kotu a 1950 kafin a amince tare suka gano, Nobel ɗin 1952 kuma malamin kaɗai aka ba. Ni ba zan ci haƙƙinka ba, in sha Allah, amma ka rubuta.

Ranar Litinin bayan azahar ka zo da farantin da littafin, mu ɗiga tatsattsen a takardar silika kusa da aktinomaisin ɗin da na ajiye, mu ga ko tare za su hau.