Inna ta ce tunda tana gani babu inda za ta koma

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, dan Allah ina da tambaya. Sati biyu da sunka wuce anka yi ma innarmu aikin yanar ido cikin garin Sakkwato, mu kuma muna ƙauye can gefen Goronyo. Washegari anka cire mata bandeji ta gani tas, sai sunka ce mu dawo bayan sati ɗaya amma wlh ba mu koma ba, kuɗin motar mutum biyu zuwa da dawowa ga abinci, ga maigidana yana gona babu mai raka mu, ita kuma ta ce tunda tana gani mi za ta je yi. Maganin ɗigawar ma ya kusa ƙarewa. Akwai matsala in mun bari?
Wata 'yar'uwa daga Goronyo

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ƙara ma Inna lafiya. Eh akwai matsala, kuma gaskiya ina so ku kai ta cikin satin nan.

Ganin da take yi ba shi ne warkewa ba. An tsaga idon an cire yanar an saka mata ƙwayar roba a gurbinta, wannan wurin kuwa yana ɗaukar wajen sati 4 zuwa 6 kafin ya haɗe sosai, shi ya sa ake cewa a dawo washegari, a dawo bayan sati ɗaya, sannan wajen sati 6. Abin da ya fi damuna shi ne maganin nan da kika ce ya kusa ƙarewa, galibi iri biyu ake haɗawa, na kashe ƙwayoyin cuta da na rage kumburi, shi na kumburin ba a yanke shi lokaci ɗaya a hankali ake rage shi, kuma a wasu mutane yana jawo hawan jinin ido ba ciwo ba komai, mutum na zaune jijiyar gani na lalacewa sai an auna da na'ura ake ganewa. Don haka dan Allah kar ki ɗauki kwalbar ki je kyamis a ba ki irinta ku ci gaba da ɗigawa.

Maganar kuɗin mota kuwa ba zan ce miki ƙaramin abu bane, tun da aka cire tallafin mai a 2023 zuwa birni ya zama aiki, mutanen Isa da Sabon Birni ma ga fargabar hanya a kai. Amma ki duba katin da aka ba ku, in akwai lamba ki kira ki faɗa musu halin da kuke ciki, ki tambaya ko akwai ma'aikacin ido a babban asibitin da ya fi kusa da ku da zai iya duba ta. Rakiya kuma ba dole sai maigida ba, ki nemi izininsa ke ki kai ta, ko wani saurayi cikin jikoki, a bi motar sassafe a dawo da la'asar. 'Yan'uwa su yi karo-karo, ai Inna ta kowa ce.

Ita kuma ga yadda za ki shawo kanta. Ki miƙa mata Alƙur'ani ko ki zuba mata shinkafa a faifai ta tsince, za ki ga tana nisanta shi tana ƙanƙance ido, saboda ƙwayar da aka saka yawanci ta hangen nesa ce. A zuwan sati 6 ɗin ne ake auna mata tabarau na kusa, tsofaffi da yawa da ke cewa aiki bai yi ba tabarau ɗin ne kawai ba su koma sun karɓa ba.

Kafin ku je, ba kwalli, ba murza ido, ta nisanci hayaƙin murhu da ƙura, wajen alwala a kiyaye kar ruwa ya shiga, mai ɗiga mata magani ya wanke hannu da sabulu. In kuwa idon ya fara zafi yana ƙaruwa, ko ya yi ja sosai, ko yana kwantsa, ko ganin ya fara komawa baya, ranar za ku kama hanya ko bashi ne a ci, domin ƙwayar cuta in ta shiga cikin ido kwana kaɗan take buƙata. In kun je ki sa su duba ɗaya idon ma.